Tudu, Fadama da Nima: Tarihin Zango Tsakanin Fari da Ambaliya



Wanda ya saurari sunayen unguwanninmu na Ankara da kunnen Bahaushe zai gane cewa kakanninmu sun bar mana saƙo a cikinsu. Akwai Tudu a tsakiyar gari, kuma kowa ya san tudu wuri ne da ruwa ba ya kwana. Akwai Fadama, ƙasar da ruwa ke malalewa a kanta da damina ya bar ta da laima har rani. Akwai Nima, wadda dattawanmu da yawa ke cewa daga kalmar ni'ima ta samo suna, ko da yake mutanen Ga suna da nasu bayanin. Ni'ima kuwa a bakin manomi da makiyayi tana nufin danshin ƙasa da yalwar ciyawa. Waɗanda suka raɗa waɗannan sunaye fatake ne da makiyaya da malamai matafiya, mutanen da in sun isa wuri, kafin su sauke kaya sai sun duba inda ruwa ke bi da inda yake kwanciya.

Yau ana yawan maganar sauyin yanayi a rediyo da talabijin, wasunmu kuma suna ɗaukarta maganar Turawa da manyan taruka, wadda ba ta shafi mai koko a Maamobi ko mahauci a kasuwar Nima ba. Tarihinmu bai yarda da haka ba. Fari yana cikin abubuwan da suka kawo da yawa daga iyayenmu bakin teku, ruwa kuma ya sha tayar da mu daga inda muka sauka. Bari mu bi sawun wannan tarihi daga farko, domin mu ga inda muke tsaye a yau.

AYARI DA DAMINA

Kalmar zango ta girmi kowace unguwa da ke ɗauke da ita. Asalinta masaukin ayari ne, inda fatake ke yada kaya su kwana kafin gari ya waye su ci gaba. Tarihin Kano ya ambaci hanyar Gwanja tun ƙarni na 15, amma a ƙarni na 18 da na 19 ne fataucin goro ya kai ƙarfinsa. Ayari kan tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato da kanwa da tufafi da fatu a kan jakuna, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Bargu, ya bi ta Sansanin Mango da Yendi, har ya sauka a Salga, babbar kasuwar da goron Tonawa ke haɗuwa da kayan Arewa. Tafiya ce ta watanni, kuma da lissafin damina ake yin ta. Madugu ya san lokacin da koguna ke cika su hana ƙetarewa, ya san lokacin da rijiyoyin hanya ke ƙafewa, ya san kuma ba a kafa zango a cikin kwari in hadari ya haɗu a gabas. Madugun da ya yi kuskure a wannan lissafi, ayari ne gaba ɗaya ke biya da dukiya, wani lokaci har da rai.

Ita kanta Salga gari ne mai ƙarancin ruwa, shi ya sa aka haƙa mata rijiyoyi masu yawa har ake mata kirari da garin rijiya dubu. Da yaƙin basasa ya wargaza ta a 1892, fatake da malamai suka watsu zuwa Kete-Krachi da Kumashi da bakin teku. Cikinsu har da babban malami Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Kete-Krachi yana karantarwa har rasuwarsa a 1934. Tsohon garin da ya rayu a ciki yana ƙarƙashin ruwa a yau, domin da aka kammala madatsar Akosombo a 1965 tafkin Volta ya haɗiye shi, aka tashi mutum kusan 80,000 daga garuruwansu a faɗin yankin. Wannan aikin gwamnati ne, ba sauyin yanayi ba, amma ya nuna mana tun da wuri cewa gari sukutum da masallatansa da kaburburansa yana iya komawa gindin ruwa.

YADDA AKA SAUKA A ANKARA

A yaƙin da Turawan Ingila suka yi da Asante a 1873 zuwa 1874, Kyaftin Glover ya zo da sojojin Hausa daga Legas, bayan yaƙin kuma da yawansu suka zauna a bakin teku. A 1877 aka mai da Ankara hedikwatar mulkin mallaka a madadin Cape Coast, ciniki ya buɗe, goro ya fara bin jirgin ruwa zuwa Legas. A wannan zamani ne Malam Idris Naino ya sami wuri daga hannun mutanen Ga, masu ƙasa, ya kafa Zangon Malam a tsakiyar gari. Da wurin ya cika, ɗansa Malam Baƙo ya fita da jama'arsa zuwa yammacin tafkin Korle ya kafa Sabon Zango wajen 1912.

Nima ƙanwa ce a cikin zangunan. A 1931 Malam Amadu Futa, mai fataucin shanu, ya karɓi fili daga gidan Odoi Kwao domin ya riƙa tsayar da dabbobinsa kafin a kai su kasuwa. Daji ne a lokacin, mai ciyawa da rafi yana ratsa shi. Babban Limamin Ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, wanda aka haifa a Cow Lane a 1919, ya girmi unguwar da shekara 12. Wato duk wannan cunkoso da muke gani ya taso ne a cikin tsawon rayuwar mutum ɗaya.

Abin da ya cika Nima da Maamobi shi ne Yaƙin Duniya na Biyu da abin da ya biyo bayansa. Sansanin sojojin Amurka da ke kusa da filin jirgin sama ya jawo leburori da masu dafa abinci da masu gadi, bayan 1945 kuma sojojin da suka dawo daga Burma suka nemi wurin zama mai araha. Sai dai Nima tana wajen iyakar birni har zuwa 1951. Shekara ashirin ana gini ba tare da an shata titi ko an fitar da hanyar ruwa ba, alhali a kan tudun Ridge da Cantonments, inda aka gina wa Turawa da manyan ma'aikata, an auna komai, an dasa itatuwa, an gina magudanai. Tun ran gini tun ran zane: bambancin da ke tsakanin waɗannan unguwanni da namu a ranar ruwa, tun wancan lokaci aka aza harsashinsa.

Fadama ma ta cika sunanta. Jama'ar da suka sauka a bakin Korle sun sha fama da ambaliya, har a farkon shekarun 1960 gwamnatin Kwame Nkrumah ta tashe su zuwa Sabuwar Fadama, inda Babban Limami yake zaune yanzu. Ba a jima ba wasu talakawan suka cike gurbin da aka bari, domin wanda ba shi da kuɗin tudu dole ya sauka a kwari.

WAƊANDA FARI YA KORO

Ba goro da aikin soja kaɗai suka kawo mutane Zango ba. A 1913 damina ta gaza a ƙasar Hausa, yunwar da ake kira Kakalaba ta auka wa Kano da Katsina da Damagaram har cikin 1914, ta kashe dubban mutane, ta tura wasu kudu neman abin sawa a baka. A 1931, shekarar da aka kafa Nima, fara ta cinye amfanin gona a ƙasar Zabarma, ga harajin Faransa da aikin tilas a kai. Samarin Zabarmawa suka yi ta kwararowa Kumashi da Ankara, suna dako da sayar da katako da tufafi. Jean Rouch, Bafaranshe mai ɗaukar fim, ya bi rayuwar waɗannan 'yan cin rani a Ankara cikin shekarun 1950. Cin rani kuwa tsohuwar dabara ce ta mutanen Sahel: in rumbu ba zai kai iyali sabuwar damina ba, sai majiya ƙarfi su fita su rage baki, su dawo da ɗan abin da suka samu. Da yawa sun fita da niyyar wata shida, jikokinsu ne ke karanta wannan rubutu.

Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1974 fari mai tsanani ya kama Sahel daga Senegal har Chadi, ya kashe garken shanu, ya mai da masu dukiya mabarata. Ya sake dawowa a 1984. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya janye har bai kai kashi ɗaya cikin goma na girmansa ba a tsakiyar shekarun 1980. Dattawan Nima suna tuna Buzaye da Fulani da Zabarmawan da suka iso a waɗannan shekaru, aka ba su zaure da baranda, aka raba tuwo da su.

Ghana kanta ta ɗanɗana a 1983. Ruwa ya ƙi sauka, gobarar daji ta cinye gonakin koko da na abinci, ruwan Akosombo ya yi ƙasa har aka shiga rabon wutar lantarki, ga kusan mutum miliyan ɗaya da aka koro daga Nijeriya a farkon shekarar sun dawo suna neman abinci. Mutane sun rame har ƙashin wuyansu ya fito, aka riƙa kiransa sarƙar Rawlings. Wanda ya yi layin garin masara a wannan shekara ba ya bukatar a yi masa bayanin abin da rashin damina ɗaya ke yi wa birni.

Wannan kwarara ba ta tsaya ba. 'Yan matan da ke dakon kaya a Makola da Agbogbloshie, waɗanda ake kira kayayei da kalmar da rabinta Hausa ce rabinta Ga, mafi yawansu daga arewacin Ghana suke, inda damina ɗaya ce a shekara, kuma in ta yi gardama ba a da wata. Wani lokaci ruwan ne ke yawa, a buɗe madatsar Bagre a Burkina Faso, gonakin bakin Volta su nutse kamar yadda aka gani a 2007. Duk sanda gona ta gaza a Arewa, ɗaki ɗaya a Zango yakan ƙara mutum biyu ko uku.

BABBAR KWATA DA DAREN 3 GA YUNI

Rafin da shanun Malam Futa suka sha ruwansa shi ne babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Maamobi a yau. Tana kwaso ruwan unguwannin da ke sama da mu, ta haɗa da namu, ta gangara ta Asylum Down, ta zuba a kogin Odaw kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, wato Circle. Shi kuma Odaw, wanda ya taso daga tsaunukan Akwapim, yana zubawa a tafkin Korle, Korle ya miƙa wa teku. Hanya ɗaya ce tak, kuma duk abin da ya toshe ta a ƙasa, na sama zai ji a jikinsa.

Abin mamaki shi ne Ankara ba garin ruwa mai yawa ba ne. Abin da take samu a shekara bai kai rabin na Axim ba, yana kusa da na Kano. Matsalar ita ce yadda yake zuwa, domin kaso mai yawa yana sauka ne a 'yan kwanaki cikin Mayu da Yuni. A da, ciyawa da fadamu da fili suna shanye shi. A ƙidayar 1960 mutanen birnin ba su kai 400,000 ba, a ta 2021 kuwa yankin Ankara da kewaye ya haura miliyan 5. An rufe ƙasa da siminti da kwalta da kwano, an yi gini a kan fadamu, ruwa ya rasa inda zai nutse sai dai ya yi gudu. An yi babbar ambaliya a Yulin 1995, an sake yi a Oktoban 2011. A 2014 kwalara ta kama sama da mutum 28,000 a ƙasar, mafi yawansu a Ankara, kuma unguwannin da kwata ke haɗuwa da ruwan sha su suka fi jin jiki.

Sai daren Laraba, 3 ga Yuni, 2015. An yi sa'o'i ana tafka ruwa, Odaw ya tumbatsa, Circle ta koma tafki. Masu komawa gida daga kasuwa da wurin aiki suka fake a wani gidan mai suna jiran ruwa ya tsagaita. Man fetur ya malalo a kan ruwan, wuta ta kama shi. Sama da mutum 150 suka rasu a wannan dare, wasu ta wuta wasu ta ruwa, aka yi zaman makoki na kwana uku a ƙasa baki ɗaya. Daga Nima zuwa wurin tafiyar ƙafa ce, kuma ruwan da ya bi ta bayan gidajenmu yana cikin wanda ya taru a can. Kafin watan ya ƙare hukumar birni ta kai motocin rusau Tsohuwar Fadama, dubban mutane suka wayi gari a fili cikin damina. Haka abin ya saba kasancewa: ruwa ya ci talaka da dare, rusau ya ƙarasa shi da safe.

ABIN DA YA SAUYA

Wani zai ce ai fari da ambaliya sun girmi injin da mota, me ya kawo maganar sauyin yanayi? Gaskiya ne Kakalaba ta zo tun hayaƙin masana'antu bai kai haka ba. Gaskiya ne kuma bola da leda da gini barkatai suna da babban kaso a ambaliyar Ankara, ba za mu ɗora wa sama laifin da hannunmu ya aikata ba. Amma akwai abin da ya ƙaru a kan tsohuwar matsala, kuma an auna shi.

Hayaƙin gawayin ƙasa da fetur da gas da ake ƙonawa tun ƙarni na 19 yana taruwa a sama yana riƙe zafin rana kamar bargo. Zafin duniya ya ƙaru da fiye da digiri 1 a kan yadda yake kafin zamanin masana'antu, kuma da aka rufe lissafin 2024 an tarar ba a taɓa auna shekara mai zafinta ba. A Ghana ma zafi ya ƙaru da kimanin digiri 1 daga 1960. Digiri ɗaya kamar ba komai ba ne, amma duk digirin da iska ta ƙara, tana iya ɗaukar ƙarin tururin ruwa kimanin kashi 7 cikin 100. Hadarin da ya fi nauyi kuwa, in ya tashi zubarwa sai ya zubar da yawa a lokaci kaɗan, irin ruwan da kwatarmu ba ta iya ɗauka. Teku kuma ya tashi da kimanin santimita 20 daga farkon ƙarni na 20, yana kuma ƙara sauri. Mutanen Keta sun ga yadda ya cinye musu tituna da gidaje. A wurinmu ma'anarsa ita ce bakin Korle yana ƙara nauyin buɗewa, in ruwan sama ya haɗu da cikar teku sai Odaw ya rasa inda zai zuba, ya komo da baya.

Labaran 'yan shekarun nan sun isa shaida. A Satumba da Oktoban 2023 tafkin Volta ya cika har aka buɗe ƙofofin Akosombo, Mepe da garuruwan da ke kusa da ita suka nutse. A Afrilun 2024 zafi ya haura digiri 48 a Kayes ta ƙasar Mali. A Agustan wannan shekara ruwa ya ɗauke a arewacin Ghana ana tsakiyar damina, har gwamnati ta hana fitar da masara da shinkafa da waken soya. A Satumba kuma, ruwa ya rushe tsohon masallacin Damagaram, madatsar Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri. Fari a nan, ambaliya a can, duk a damina ɗaya.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da hanyar da yake biyowa ya shigo Zango. Albasar da muke ci daga Galmi take zuwa. Ragon layya da sa na kasuwar Turaku a Ashaiman daga Burkina da Mali da Nijar ake kawo su. Geron koko da fura na Arewa ne. In damina ta lalace a can, mai waake da mai tuwon zafi su ne farkon waɗanda za su rage ludayi. Zafi kuma ba sai an ba mu labari ba. Ɗaki ɗaya mai rufin kwano da ƙaramar taga, mutum shida a ciki, a watan Maris, ga wuta an ɗauke. Azumin 2024 da na 2025 duk a wannan lokaci suka faɗo, kuma kowa ya ga yadda tsofaffi da masu hawan jini suka wahala.

Akwai rashin adalci a cikin lamarin da ya kamata a faɗe shi. Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na wannan hayaƙi a shekara. Ƙasashen da suka yi arziki da shi sun sa hannu a yarjejeniyar Paris ta 2015, sun kuma amince a taron Sharm el-Sheikh na Masar a 2022 a kafa asusun biyan asarar da ƙasashe matalauta ke yi. Abin da aka zuba a asusun har yanzu bai taka kara ya karya ba in an gwada shi da girman ɓarnar. Neman wannan haƙƙi wajibi ne, amma damina ba za ta jira a gama taro ba.

ABIN DA KE KANMU

Madugu yana da mafita ɗaya da mu ba mu da ita: in wuri ya ɓaci sai ya ce a ɗaura kaya. An daɗe ana kallonmu a matsayin baƙi, dokar korar baƙi ta 1969 ta zamanin Busia ta ƙara dasa wa iyayenmu tsoron kafa gini mai ƙarfi a inda za a iya cewa su tashi gobe. Wannan tunani ya bar mana gado marar kyau, na ganin abin da ke wajen ƙofar gida ba namu ba ne. To, Nima ta doshi shekara ɗari, Sabon Zango ta wuce. Kakanninmu suna kwance a maƙabartun garin nan, 'ya'yanmu ba su san wani gida ba. Babu zango na gaba. Mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo.

Aiki na farko a bakin kwata yake. Ledar ruwa da robar abinci da muke jefawa da dare, ko mu zuba a kwata in hadari ya taso don ruwa ya tafi da su, su ne ke toshe ƙarƙashin gada su komo mana cikin ɗaki. Aikin gayya al'adarmu ce. In kowane masallaci da kowace majalisar samari masu shan ataya suka ɗauki yankin kwatar da ke gabansu, aka yashe shi cikin Maris da Afrilu kafin ruwan farko, aka kuma matsa wa hukuma ta kwashe abin da aka fitar a ranar, za a ga bambanci a damina ɗaya. Limamanmu suna da mumbari duk Juma'a, kuma tsafta da haƙƙin maƙwabci da hana ɓarna a bayan ƙasa ba baƙin darussa ba ne a wurinsu. Sarakunan Zango da magajiyoyi suna da ikon hana a kafa sabon ɗaki a kan hanyar ruwa tun ana aza tubalin farko, wanda ya fi sauƙi a kan a zo rushe shi da mutane a ciki.

Na biyu, inuwa. Manoman Maradi da Damagaram, bayan farin 1984, sun koma barin kututturen gawo da sauran itatuwa su tofo a gonakinsu suna yi musu aski maimakon sassabe su. Da wannan dabara mai araha suka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, abin da duniya ke zuwa koyo a wurinsu. Mu ba mu da gonaki, amma muna da harabar masallatai da makarantu da bakin titi da maƙabartu. Darbejiya tana kama ƙasar Ankara ba tare da wahala ba. An fara ranar dashen itatuwa ta ƙasa a Yunin 2021, sai dai dashe ba shi ne aikin ba, raino ne. A ba kowane aji na makaranta itacensa, a san wanda zai ba shi ruwa da rani. Mai sabon gini kuma ya bar taga biyu masu fuskantar juna, ya sa silin a ƙarƙashin kwano, ya bar wani sashe na tsakar gida ba siminti domin ruwa ya sami wurin nutsewa.

Na uku, bin sawun abin da aka yi mana alkawari. A 2017 aka kafa Asusun Raya Zango da doka. A 2018 Nima ta sami majalisarta ta Ayawaso ta Gabas, Maamobi ta sami ta Ayawaso ta Arewa. A 2019 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 domin shirin GARID na magance ambaliya a kwarin Odaw, kuma Nima tana cikin unguwannin da aka ambata za a gyara. Bashi ne da sunanmu aka ci, mu da 'ya'yanmu za mu biya, saboda haka muna da haƙƙin tambaya: mita nawa na magudana aka gina, yaushe aka yashe Odaw, ina aka kai yashin? Mu je zaman majalisa, mu tambayi ɗan majalisar unguwa da na dokoki, mu sa maganar kwata a gaban duk mai neman ƙuri'a kafin maganar shinkafar salla. Mu nemi hukumar hasashen yanayi da NADMO su riƙa fitar da gargaɗin ruwa da Hausa, ta rediyo da waya da lasifikar masallaci, a kuma san tun yanzu wace makaranta ko masallaci na kan tudu za a kai tsofaffi da yara in ruwa ya taso da dare. In kuma dole ne a tashi na bakin kwata, a tashe su da shawara da diyya da wurin komawa.

Na ƙarshe, mu rubuta abin da dattawanmu suka sani tun suna raye. Akwai tsofaffi a Maamobi da suka san inda rafin yake bi kafin a yi masa siminti, da inda ruwa ya kai a bango a 1995, da gidajen da aka gina a kan tsofaffin rijiyoyi. Wannan ilimi ne da injiniya ba zai same shi a taswira ba. Ɗalibanmu na jami'a su zauna da su, su ɗauki muryoyinsu, su zana wuraren, a ajiye a hannun sarakuna da majalisa.

Kakanninmu sun kalli ƙasa sun kira tudu tudu, sun kira fadama fadama, ba su yaudari kansu ba. Abin da ake nema a wurinmu ke nan: mu kalli sama da kwata da teku yadda suke a yau, mu yi shiri tun hadari bai haɗu ba. Watan Yuni yana zuwa kowace shekara.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a daren 3 ga Yuni da duk waɗanda ruwa ko yunwa ta ɗauke. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare Zango da ƙasar Ghana baki ɗaya. Amin.